A karanta jikin tsohon inji kafin a yanka masa shekaru ko a ɗora shi a sikeli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana makanikai, da 'yan kasuwar kayan mota, da masu sayen tsohon ƙarfe, a kan wani al'amari da ya shafi sana'armu. Aikin injin mota na tashi a cikinsa a nan Maraɗi, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin riƙon da muke yi wa tsofaffin injinan fetur na Amurka masu silinda 8 idan suka faɗo hannunmu. Ko dai a ɗora su a sikeli a sayar da su kilo-kilo, ko kuma a laƙaba musu duk shekara da asalin da mai sayarwa ya ga dama, alhali kuwa kowane ɗayansu yana ɗauke da bayanin kansa a jikin ƙarfensa, kuma duk wanda ya san inda zai duba zai karanta shi ba tare da ya nemi kowa ya rantse masa ba.

Irin waɗannan injina ba su da yawa a wajenmu, amma suna zuwa. Wasu a cikin kwantena suka shigo ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, an cusa su a tsakanin motoci da tayoyi don a cike gurbi. Wasu kuwa sun daɗe a ƙasar nan, ragowar manyan motoci ne da injinan ban ruwa na shekarun baya, suna kwance a bayan gareji turɓaya ta rufe su. Waɗanda suka fi rikita mutane su ne na motocin tsere da Amurkawa ke haɗawa da hannunsu, waɗanda suke kira hot rod. Wannan al'ada ta kafu ne a kudancin jihar Kalifoniya a shekarun 1930, inda samari ke sayen tsofaffin motocin Ford masu arha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Sun kafa ƙungiyar shirya gasar gudu ta SCTA a 1937, aka fara gasar shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville a 1949, sannan Wally Parks ya kafa ƙungiyar masu hot rod ta ƙasa, NHRA, a 1951. Na kawo wannan tarihi ne domin a fahimci abu guda, wato babu wani kamfani da ya ƙera injin irin wannan mota a dunƙule ya fitar da shi kasuwa. Mutum ne ya tattaro kayansa daga wurare dabam-dabam, kuma sau da yawa wanda ya gaje shi ya sake canja wasu. Saboda haka tambayar da ake yi ta cewa inji na wace shekara ne ba ta da amsa ɗaya. Gangar injin, wato jikinsa mai ramukan silinda, tana da shekararta, kilas, wato murfin da ke rufe saman silinda, yana da tasa, na'urar cusa iska tana da tata, sannan akwai lokacin da aka haɗa su wuri guda. Idan ana son shekarar da za a kira injin da ita, ta ganga ake ɗauka, domin ita ce uwa, sauran duk ana kwance su a ɗaura wasu.

A wani gareji da ke Sabon Gari na ga irin wannan inji, kuma da shi zan yi misali. Yana da kilas biyu na alminiyum masu zane-zanen tsiri, an rubuta Offenhauser, sunan wani kamfanin kayan tsere, a kansu, sannan a bisa akwai na'urar cusa iska, wadda muke kira kwamfaresa, da kabureta biyu a kanta. Mai shi ya haƙiƙance cewa injin Ford ne na 1932, domin haka aka gaya masa. Wasu daga cikin makanikan da suka kewaye shi sun ce injin dizal ne, saboda sun san wannan kwamfaresar a jikin manyan injinan gazuwal. Mai sayen ƙarfe kuma yana gefe yana lissafin kilo. Dukkansu ba wanda ya ƙirga notin da ke kan kilas, kuma daga nan ya kamata a fara.

Injin da ake magana a kai irin wanda Ford ya fara fitarwa ne a 1932, mai silinda 8 a jeri biyu, wanda bawulolinsa ke cikin ganga a gefen silinda, shi ya sa kilas ɗinsa yake shimfiɗe kamar faranti, babu komai a kansa sai buji da noti. An yi ta ƙera shi a Amurka har 1953, kuma a cikin waɗannan shekaru ya canja kama sau da dama ta hanyar da ido ke gani. Daga 1932 zuwa 1938 kowane kilas noti 21 ke riƙe da shi. Daga 1938 aka koma noti 24. Akwai kuma wani ƙarami mai noti 17, mai lita 2.2, wanda aka sayar a Amurka daga 1937 zuwa 1940. A na farko-farko, har zuwa 1936, famfunan ruwa a jikin kilas suke ta gaba, sai a 1937 aka sauko da su jikin ganga, bututun da ke kai ruwa lagireto ya koma tsakiyar kilas. Babban canji na ƙarshe ya zo wa manyan motoci a 1948, ƙananan motoci kuma a 1949, a injin da ake kira 8BA. A wannan zubi bututun ruwa ya dawo gaban kilas, delko, mai raba wa buji wuta, ya bar goshin inji inda yake kwance ya koma tsaye a ɓangaren dama ta gaba, sannan ƙoƙon da ke rufe kuloci, wanda a da ake zuba rabinsa tare da ganga, ya zama abin ɗaurawa da noti. Gangunan da suka gabaci wannan canji, na bayan yaƙin duniya na biyu, akan ga lamba 59 manya a bisa ƙoƙon nasu.

Injin Sabon Gari noti 24 ne da shi, wanda ya isa ya kawar da zancen 1932. Bututun ruwansa a gaba yake, delkonsa a tsaye, ƙoƙon kulocinsa kuma na ɗaurawa ne. Wannan ya sa gangarsa, idan ta Amurka ce, tsakanin 1948 da 1953, kuma ba a buƙaci kwance ko da noti ɗaya ba kafin a kai ga wannan. Abin da ya rage, wato ko mai lita 3.9 ne na Ford ko mai lita 4.2 na Mercury, wata motar kamfanin na Ford, sai an cire kilas za a sani, domin faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 81, bambancin yana ga tafiyar fistan, wadda take milimita 95 a na Ford, kusan 102 a na Mercury. Ba a iya auna ta ta ramin buji kamar yadda muka saba a wasu injina, saboda a wannan inji buji a kan bawul yake, ba a kan fistan ba. Ko an auna ma, a tuna cewa masu tsere sun saba sa karanshaf na Mercury a gangar Ford, don haka awon yana faɗin abin da ke ciki yau ne kawai.

Akwai wani abu da ke ɓata wa mutane lokaci, shi ne neman lambar siriyal a jikin wannan ganga. Daga 1932 zuwa 1948, a Amurka, Ford yana buga lambar ne a bisa akwatin giya da kuma jikin shasi, da tauraro a farko da ƙarshe. Injin da aka raba shi da akwatin giyarsa ya rabu da lambarsa ke nan. Idan aka ga wata lamba da aka buga a jikin ganga, galibi ta masu sake gyaran inji ce ko ta wata hukuma, kuma wanda ya dogara da ita don yanke shekara zai yi kuskure.

Batun asali shi ne wanda ya fi shafar mu a nan, kuma ina son 'yan'uwa su tsaya a kansa. Ganin sunan Ford bai isa ya sa a ce daga Amurka inji ya fito ba. An ƙera irin wannan inji a Kanada, da Dagenham ta Ingila, da Kolon ta Jamus, da kuma Faransa. A wancan zamani kamfanin Ford na Kanada shi ke kai motoci yawancin ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma gangunansa sukan ɗauki harafin C a gaban lambar zubi, don haka tsohon injin da ya tsallako daga Katsina ko Kano yana iya zama na Kanada ko na Ingila. A Faransa kuwa, masana'antar Ford da ke Poissy ta yi motar Vedette daga 1948 da ƙaramin injin nan, kuma da Simca ta karɓi masana'antar a 1954 ta ci gaba da shi har farkon shekarun 1960. Babban injin mai lita 4.2 kuma shi aka sa a motar sojan Faransa ta SUMB, wadda aka fi sani da Marmon, tun daga shekarun 1960, wato bayan Amurka ta daina yin sa da shekara goma ko fiye. Gangar Faransa tana da wata alama mai sauƙin ganewa, domin ta haɗa kamanni biyu da ba sa haɗuwa a na Amurka: bayanta yana da ƙoƙon kuloci na zubi irin na da, gabanta kuma yana karɓar kilas da delko irin na 8BA. A ƙasa kamar tamu, wadda ta yi hulɗa mai tsawo da kayan Faransa, duk wanda ya tsinci irin wannan inji ya kamata ya fara da duba wannan. Ko wanda ya zo a kwantena daga Amurka ma ba a cire shi daga wannan tambaya ba, domin masu haɗa motocin tsere a can sun sayi ragowar gangunan sojan Faransa da yawa saboda ingancin zubinsu.

Injin da ya fi yawa a irin waɗannan motoci tun daga ƙarshen shekarun 1950 shi ne ƙaramin V8, wato mai silinda 8 a jeri biyu, na Chevrolet, wanda ya fito a 1955 da lita 4.3, ya zama 4.6 a 1957, 5.4 a 1962, sannan 5.7 a 1967. Amurkawa da inci suke auna cikin silinda, shi ya sa ake jin suna kiransu 265 da 283 da 327 da 350. Daga waje duk kamarsu ɗaya, amma shi wannan kamfani ya kyauta wa masu bincike, domin ya bar rubutu iri biyu. Na farko lambobi ne da suka fito tudu-tudu tare da zubi, a bayan ganga, a kan dakalin da akwatin giya ke haɗuwa da inji. A ɓangaren direba akwai lambar zubi, kamar 3970010 da aka yi amfani da ita kimanin shekara goma daga 1969. Kusa da nan akwai ranar zubi, wadda ke farawa da harafin wata, A na Janairu har zuwa L na Disamba, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Idan aka ga C149, ana nufin 14 ga Maris na shekarar da ta ƙare da 9, kuma a nan ne mai gaggawa ke faɗawa rami, domin 1959 da 1969 da 1979 duk da 9 suka ƙare.

Rubutu na biyu shi ke taimakawa a warware wannan. Lambobi ne da aka buga da hatimin ƙarfe a wani ɗan fili mai santsi a gaban ganga, ɓangaren fasinja, daidai ƙarƙashin kilas. Daga 1957, harafin farko na masana'antar da ta haɗa injin ne, F ko V na garin Flint, T na Tonawanda, K na Kanada. Sai wata da rana, sai haruffan da ke nuna girman injin da irin motar da aka yi shi dominta. Har zuwa motocin 1969 haruffan nan ba sa wuce biyu, daga na 1970 suka zama uku. Ranar zubi dole ta riga ranar haɗawa, yawanci da 'yan kwanaki ko makonni, kuma idan lissafin ya juye, to an sake buga lambar ne da hannu, abin da ke faruwa a can saboda wasu haruffa suna ɗaga farashi. A injinan tsere kuma sau da yawa filin ya zama fayau, ba don ha'inci ba, sai don an aske saman ganga a injin gyara ya tafi da rubutun. A irin wannan hali sai a koma ga kamanni. Gangunan 1955 zuwa 1957 ba su da wurin ɗaura ƙafafun inji a gefe irin na baya. Sandar gwajin mai ta bar ɓangaren direba ta koma na fasinja a 1980. Murfin bawul mai noti a tsakiya ya fara ne a 1987. Gangar da aka rubuta Hecho en Mexico a jikinta kuma ta masana'antar kamfanin ce ta Meziko, mafi yawa injinan canji ne da ake sayarwa sababbi a cikin akwati.

Na Chrysler mai suna Hemi ba ya ɓoyuwa, domin murfin bawul ɗinsa faffaɗa ne kuma buji ta tsakiyarsa suke shiga. Zubin farko ya fito daga 1951 zuwa 1958, delkonsa a baya, lambarsa a bisa ganga ta gaba, kuma a cikinta akwai shekara a fili, kamar C51 ko NE57. Zubi na biyu, mai lamba 426, ya zo a 1964, delkonsa a gaba. An kuma yi wasu don jiragen ruwa da injinan ban ruwa, da rubutun hakan a murfinsu.

Yanzu sai kwamfaresar, wadda ita ke jan ido kuma ita ke kawo ruɗani. Aikinta irin na zugazugin maƙeri ne, tana tura wa inji iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa, a haɗa da ƙarin fetur, wuta ta ƙaru. Ta bambanta da turbo da muka sani, domin shi hayaƙi ke juya shi, ita kuwa bel ke jan ta daga karanshaf. Mai siffar akwati, mai dunƙulallun ƙarafa biyu da ke juyawa a ciki, asalinta na 'yan'uwa biyu ne, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana, waɗanda suka yi rajistar fasaharsu a 1860 don hura wutar narka ƙarfe. Makanikan da suka ce sun san ta a injin gazuwal gaskiya suka faɗa. A 1938 kamfanin General Motors ya fitar da injinan dizal na Detroit, jerin 71, masu bugu biyu, waɗanda ba sa tashi sam sai da wannan na'ura tana share hayaƙi tana cusa sabuwar iska. Sunayen 3-71 da 4-71 da 6-71 daga nan suka fito: lambar farko yawan silindar injin dizal ɗin ce, 71 kuma girman kowace silinda a ma'aunin inci, wato kimanin lita 1.16. Bayan yaƙin duniya na biyu ragowar waɗannan injina sun cika kasuwa, sai masu tsere suka rinƙa cire na'urar suna ɗora wa injinan fetur. Barney Navarro na cikin na farko da suka yi haka, a 1948, a kan injin Ford mai shimfiɗaɗɗen kilas.

Abin da wannan ke nufi ga mai bincike shi ne kwamfaresar tana iya girmar gangar ko ta zama ƙanwarta da shekara hamsin. Wadda aka ciro daga injin dizal tana ɗauke da lambobin zubi na General Motors, kuma akan ga alamun inda aka yanke ko aka toshe wuraren da ake ɗaura ta a gefen injin gazuwal, domin a can a gefe take zama. Wadda aka ƙera musamman don tsere takan ɗauki sunan mai ita, kamar Weiand ko BDS ko Littlefield ko Mooneyham, kuma waɗannan na baya-baya ne. Duk wadda aka ce 10-71 ko 14-71 ce, ba daga dizal ta fito ba, masu kayan tsere ne suka tsawaita ta suka ci gaba da salon sunan. Yadda ake jan ta ma yana magana: haɗin farko-farko da jerin bel masu siffar V ko da sarƙa aka yi su, wasu kuma a gaban inji aka ɗaura su kai tsaye a bakin karanshaf irin na Potvin, sai daga baya faffaɗan bel mai haƙora ya zama ruwan dare. Akwai kuma masu siffar katantanwa, na McCulloch, wanda ya fara yi wa Ford a 1937, ya fitar da VS57 a 1953, har kamfanonin Studebaker da Ford suka sa irinsu a wasu motocinsu na 1957, kafin Andy Granatelli ya sayi sashen a 1958 ya ci gaba da sunan Paxton. Wadda aka rubuta S.Co.T. ko Italmeccanica a jikinta kuwa daga Turin ta Italiya take, ta farkon shekarun 1950, kuma tana da daraja ƙwarai a wajen masu tara irin waɗannan kaya.

A nan ma sai an yi hattara, domin kayan ƙawa su ne suka fi yaudara. Kilas na Offenhauser da na Edelbrock har yau ana zuba su da tsohon fasali. Kabureta Stromberg 97, wadda Ford ya yi amfani da ita daga 1936 zuwa 1938, an dawo da ƙera ta sabuwa a Ingila. Kilas na Ardun, wanda Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa suka ƙirƙiro a 1947 don mayar da bawulolin injin Ford bisa, shi ma an sake yin irinsa. Sunan da ke kan alminiyum yana faɗin wanda ya zana abin, ba ya faɗin shekarar da aka zuba shi. Wanda ya biya kuɗi a kan sunan kawai ya yi cinikin biri a sama.

Idan mai inji ya yarda a buɗe, cikinsa shi ke nuna lokacin da aka haɗa shi na ƙarshe. A bayan kusine, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, kamfanoni da dama sukan buga wata da shekara, tare da awon da aka rage wa karanshaf. A kan fistan akan ga .030 ko .060, alamar an faɗaɗa silinda. Injin da aka gina don kwamfaresa da gaske yakan zo da fistan masu kwarmi a ka, don a rage matsi zuwa wajen 8 bisa 1, kuma idan aka tarar da fistan na mota ta yau da kullum a ƙarƙashin babbar kwamfaresa, to an ɗora ta ne don ado ko don ciniki.

Roƙona ga 'yan'uwa makanikai shi ne a daina kai garanda da samfefa kan waɗannan lambobi. Hatimin da ke gaban ganga bai kai kaurin farce ba, shafa ɗaya ta dutse ta isa ta tafi da shi har abada, ta kuma tafi da siraran layukan da injin masana'anta ya bari a filin, waɗanda da su ake gane hatimin asali. A wanke da gazuwal da buroshi mai laushi, a goga alli, a haska tocila daga gefe, a ɗauki hoto da waya. Kada kuma a yi gaggawar tayar da injin da ya daɗe a ajiye. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin kwamfaresa ba ta wuce kaurin 'yan takardu ba, tsakuwa ɗaya ko noti da ya faɗa ciki zai lalata ta, kuma idan wuta ta koma baya ta cikin bututun iska tana iya fasa na'urar ta raunata wanda ya sunkuya a kanta.

Ga masu zuba tukwanen alminiyum kuma ina da gargaɗi na musamman, domin su ne ƙarshen tafiyar irin waɗannan kaya a garinmu. Wasu kwamfaresoshin tsere da bututun iskarsu ba alminiyum ba ne, maganiziyam ne, wanda ya fi shi rashin nauyi kuma launinsa yakan yi duhu-duhu idan ya tsufa. Idan ya shiga wutar narkawa yana iya kamawa da farar wuta mai tsanani, kuma zuba masa ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Gwajinsa ba wuya: a kankare ɗan wuri a ɗiga binegar, idan ya yi kumfa maganiziyam ne, alminiyum kuwa ba ya yi.

Ban ce kowane tsohon inji dukiya ba ne. Gangar Chevrolet ta ƙarshen shekarun 1970 miliyoyi aka yi irinta, kuma wadda ta tsage ba ta wuce ƙarfen sikeli ba. Gangunan Ford masu shimfiɗaɗɗen kilas ma sun yi suna wajen tsagewa tsakanin bawul da silinda saboda zafi, don haka a duba wannan wurin da kyau kafin a yi ciniki. Abin da nake nema shi ne a san abin da ake sayarwa kafin a sayar, ko a san abin da ake fasawa kafin a fasa. Ina kira ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da su nemi irin waɗannan injina su ajiye don koyarwa, domin a jikin inji ɗaya ɗalibi zai ga bawul na gefe, da kabureta, da delko, da kwamfaresa, duk a fili ba tare da kwamfuta ta shiga tsakani ba. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyoyin makanikai da na masu sayen ƙarfe su sa ya zama al'ada a rubuta lambobin duk tsohon injin da ba a saba gani ba, a ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya da ta bisa, kafin guduma ta taɓa shi. Kai kuma Malam Edita, idan jaridarka za ta ware ɗan gurbi ta rinƙa buga irin waɗannan hotuna da lambobi, na tabbata akwai tsofaffin makanikai a Maraɗi da Damagaram da Kano da za su amsa, kuma ni ma a shirye nake in ba da tawa gudummawar.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu,
Wani tsohon bakanike,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.